Sunana Ya Riga Ni Zuwa Habasha

Tun da na dawo daga Habasha ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Wadda ta zo sayen godogodo, furar geronmu ta nan, sai ta tsuguna, kwano a hannu, ta ce Hajja yaya can. Wadda ta zo barka a maƙwabta sai ta leƙo ta ce ba ta tafiya sai ta ji zancen gada. Na faɗa har muryata ta dushe. Abin da ya fi damuna, Hajja Kulu mai daddawa ta fara ba da labarin tafiyata a rumfarta kamar a bayanta aka goya ni, tana zuba gishirin da ban zuba ba. Shi ya sa na zaunar da jikata Ummi, malamar makaranta, na ce ta ɗauko biro. Ni ban taɓa zama a bencin makaranta ba, amma tun da nake ba a taɓa tashi an bar labarina a tsakiya ba. Abin da na faɗa shi za ta rubuta. In kun ci karo da wata kalma mai takalmi da safa, tata ce, ba tawa ba.

Ku na kasuwar Gadarif ta nan Sudan kun san ni da Hajja Mai Godogodo, bakin layin masu dawa. Sunana na yanka kuwa yana nan a ajiye kamar kwanon jere da ba a cin abinci a ciki. Marigayi mai gidana bai kama shi ba, 'ya'yana ba sa kamawa, surukaina in magana ta kawo su kusa da shi sai su kewaye kamar mai sabon tob, lulluɓin nan namu na mata, ta ga taɓo. Ita kanta Ummi takwarata ce, shi ya sa ake ce mata Ummi. Ku riƙe wannan, don a kansa aka yi tafiyar.

Shekarun baya kaɗan aka tara malamai wani horo, Ummi ta dawo tana zancen littattafan yara da ba a kulle su. Ta ce ana rubuta labari, a yi masa zane, a ɗora a intanet da wata alama. Alamar nan cewa take, duk mai so ya ɗauka, ya juya shi zuwa harshensa, ya rage, ya ƙara, ya buga ya raba wa yara, ba sai ya zo neman izini ba. Abin da ake so gare shi kawai ya faɗi daga wa ya samo, kuma abin da ya gyara shi ma ya bar shi a buɗe don na bayansa. Na ce ai haka muke yi da tsamin kisra, wainar dawarmu mai faɗi, ki ɗiba a maƙwabta ki kwaɓa naki, gobe a ɗiba a wurinki. Ta ce haka ne, sai dai wannan ana faɗin gidan da aka ɗebo. Na ce a faɗa mana, wa ke ƙin a faɗi gidansa.

Na ba ta labarin Gajera, akuyar da ta kutsa tsakiyar dammunan riɗi da aka jingine su bushe, ta ci har ƙofar da ta shiga ta yi mata kaɗan. Kun san busasshen riɗi, in aka girgiza shi ya zube ke nan. Sai yarinya mai gadin gona ta cire mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa kafin ta jawo akuyar, ko ƙwaya ba ta ɓata ba. Da littafin zai shiga makarantun nan, wani mai duba littattafai ya ce yarinya ba za ta cire mayafi a gaban yara ba, ko da a takarda ne. Mai zane ya ɗaura mata ɗankwali har gira, ya miƙa mata tabarma. Inda yarinya ta samo tabarma a tsakiyar gona, wannan sai ku tambaye shi.

Surukata Rabi, uwar Ummi, tana koya wa matan unguwa karatu a tsakar gidanmu bayan la'asar, kuma da littafin nan take koyarwa. Na lura duk ranar da ta buɗe shafin farko sai tari ya kama ta, ta yi ta tari har ta kai shafi na biyu, sannan ya sake ta. Na ɗauka ƙaiƙayin dawa ne, har na jiƙa mata garaɗ, wato bagaruwa, ta kurkure maƙogwaro.

Ana nan, bayan yankan riɗi, lokacin da leburorin Habasha masu aiki a gonakin Fashaga ke shigowa gari su yi sayayya kafin su koma gida, ina juya tukunya na ji ana kiran sunana. Ba a hankali ba. Wani dogon Bahabashe ne da buhu a kafaɗa, yana bi layi-layi yana tambaya da Larabcin gona, ina rumfar wance. Wance ɗin nan sunana ne tsirara, ba Hajja ba komai. Masu dawa suka sunkuyar da kai. Hajja Kulu kuwa, Allah ya shirye ta, ta miƙe tsaye ta sa hannu a kunne ta ce ya ƙara faɗa, ba ta ji da kyau ba.

Sunansa Tasfaye. Ya ce ƙanwarsa Almaz malamar makaranta ce a ƙauyensu, gaba da Matamma, garinsu na kan iyaka. Ita ta samo labarin Gajera ta juya shi da harshensu, kuma ta koya wa yara cewa kafin su fara karatu su faɗi sunan mai labarin da garinta. 'Yarsa ce ta ce in ya je Gadarif ya nemo ni ya gaishe ni. Ya miƙo min ɗanyen kofi ƙulle a leda. Na tambaye shi yara nawa ke faɗin sunan nan, ya ce aji cike. Na ce kullum? Ya ce in ban da ranar hutu.

A nan na gane tarin Rabi.

Da na koma gida na tsare Ummi. Ta ce alamar ta ce a faɗi suna, sai ta rubuta suna. Na intanet za ta iya gyarawa yau-yau, amma waɗanda aka riga aka buga a Habasha sun fi ƙarfinta, an riga an bayar, ba a karɓowa. Na ce ba akuyar nake so a maido min ba, su riƙe ta su yi ta tatsa. Sunana nake so. Tun da ba za a kawo min shi ba, ni zan je in ɗauko. Na kwaɓa kwalli da man riɗi a 'yar kwalba, baƙi ƙirin, na ƙulle a gefen tob, ban gaya wa kowa ko na mene ne ba.

Ɗana na fari, uban Ummi, wanda ni ma ba na kama sunansa, ya ce me mutane za su ce, tsohuwa kamata ta nufi ƙasar da ake sayar da giya a bakin titi. Na ce na je Makka ta Sawakin a jirgin ruwa ina amai ban mutu ba. Ya sa hannu a takardar Ummi, don kun san ba a barin mace mai ƙuruciya ta fita ƙasa sai da yardar waliyyinta. Ni kuwa hukuma ta dubi fuskata ta ga na wuce a sace ni.

Muka shiga hafla, motar haya, da sassafe, ni da Ummi da Tasfaye, sauran duk leburori masu komawa gida. Wannan ya rungumi rediyo, wancan katifa, wani kuma ya sayo wa matarsa tob mai kyau ya naɗa shi a wuyansa don kada a zauna a kai. Ƙasa baƙa duk ta tsattsage, dawa ta yi ja tana jiran yanka. A Doka muka sauka muka ci ful, dafaffen wake da mai, mai ful ɗin ya yi rowar mai har na ce masa in riɗi ya ƙare a ƙasar nan ya gaya min in koma in sanar.

Gaba da Doka akwai shingen jami'an tsaro. Wani mai gemu da ɗangalallen wando ya hau ya bi mu da ido, ya tsaya kan Ummi, ya tambaye ta me malamar makaranta za ta yi a Habasha. Ta ce raka kaka. Ya karɓi wayarta yana dubawa, sai ya ci karo da Gajera. Jama'a, mutumin nan ya tsaya a ƙofar mota yana karatu, direba yana danna oda, shi ko a jikinsa. Da ya kai inda akuya ta maƙale ya ɗago ya dube ni ya ce, ya Hajja, to yaya za ta fita? Na ce ka juya gaba, ya waladi, ɗana, ni ba na sayar da ƙarshen labari a kan hanya. Da ya gama ya rage murya ya tambayi Ummi ko haram ne ta ba shi don yaransa. Ta ce don haka aka yi shi. Ta tura masa shi daga waya zuwa waya, ya sauka yana murmushi. Sai da mota ta tashi na tuna sunana ma ya bi shi. Ga ni na fito kwaso suna, ina tafe ina zubar da shi a hanya.

Na hau Ummi da faɗa. Tana kallon gonaki ta ce, "Habboba, kakata, ni ma fa sunana ne. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakin uwata ba. Na so in gan shi a rubuce a wurin da ba takardar hukuma ba." Na ɓare gyaɗa na zuba mata a hannu, na ce ta ci ta rufe min baki.

A Gallabat, bakin iyaka, muka shiga ofishin fita. Jami'in yaro ne, gashin bakinsa bai gama haɗuwa ba. Ya buɗe fasfona ya ja numfashi zai kira suna, na ɗora tafin hannuna a kan takardar na ce karanta da ido, ya waladi, bakinka ya huta. Ya dube ni, ya ji Hausa a harshena, sai ya fara tambayar da suka saba yi mana, kakanki daga ina. Na ce kakana ya taho da ƙafa daga yamma zai tafi Makka, ni kuwa a Mafaza aka binne cibiyata, bakin kogin Rahad, tun kakarka ba ta iya murza kisra ba. Na bayana suka tuntsire da dariya. Ya buga hatimi da ƙarfi kamar takardar ce ta zage shi, ya ce ma'assalama ya Hajja.

Gadar da kuke ta tambaya ba wata gada ba ce. Kwari ne busasshe da kwalta a kansa, yaro mai gudu zai tsallake ta da numfashi ɗaya. Amma kana sa ƙafa a ɗaya gefen sai duniya ta juya. Kiɗa daga kowace ƙofa, mata kai ba ɗankwali suna ciniki da maza suna dariya har da tafawa, kwalaben giya jere a tebur ba mai ɓoyewa. Na ja tob na rufe hanci. Wasu 'yan kasuwar Gadarif da na sani, masu tabon salla a goshi, na hango su zaune a wata rumfa, suna ganina suka shiga neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Ba zan faɗi suna ba. Ni na san darajar suna.

Muka sauka a wata lokanda, masaukin baƙi, a Matamma, Tasfaye ya tafi kwana wurin abokinsa. Gadon yana da masu shi tun kafin mu zo, kuma ba su yi mana rowar cizo ba. Mai lokandar ta ce motar ƙauye ƙarfe ɗaya take tashi. Na ce madalla, da safe na wanke tob ɗina na fita kunya na shanya, ina nufin ya bushe kafin azahar. Ko ɗiga bai gama ba sai ga Tasfaye yana buga ƙofa, mota za ta tashi. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ɗayarsu hantsi ma bai yi ba. Haka na yafa jiƙaƙƙen tob na shiga mota, na kusa da ni yana matsawa. Ummi ta ce shekararsu ma tana bayan tamu da bakwai ko takwas. Na ce da na sani da tun mai gidana na da rai na ƙaura.

Hanya ta fara hawa, duwatsu suka fara fitowa, mota tana nishi kamar mai naƙuda. A ƙauyen aka tarbe mu kamar amarya ta iso. Almaz 'yar siririya ce mai saurin magana, Larabcinta na kasuwar kan iyaka ne amma ana ganewa. Uwarsu kuwa, da kowa ke ce wa Imama, tsohuwa ce tsarata, da farin mayafi da zanen gicciye a goshi, ba ta jin Larabci ko kalma. Muka dubi juna sama da ƙasa kamar masu sayen saniya, kowa ta ga ɗayar ba ta wasa ba ce.

Sun san ba zan ci yankansu ba, sai suka yi miyar garin wake da barkono. Injerarsu kisra ce da ta samu wuri ta yi ƙiba ta fitar da idanu, ga tsami kamar ta yi fushi da wani. Ina cikin ci sai Imama ta naɗo loma kamar dunƙulen hannu ta nufo bakina. Na ja baya. Ni da na ciyar da rabin kasuwar Gadarif, a ba ni a baki kamar yaye? Tasfaye ya ce girmamawa ce, in na ƙi na ci fuskarta. Na buɗe baki. Ban gama haɗiyewa ba na naɗo wadda ta fi tata na mayar mata, na ga idonta ya kawo ruwa, ta haɗiye. Daga nan muka fara shiri. Kofinsu kamar namu ne da muke kira jabana, da turare da gugguru, sai dai gishiri suka sa maimakon sukari. Na sha don kunya, na ce da daɗi, Allah ya yafe min.

Washegari da safe Almaz ta kai mu makaranta. Aji ne na laka da rufin kwano. Ta zaunar da ni a kujerarta, ta ce in huta, su za su fita da yara su yi layi wurin tuta, Ummi ma ta bi su kallo. Ga littattafan Gajera a tebur, tsibi guda. Na gane akuyar, ita ce dai. Yarinyar ce ta canja, sun cire mata ɗankwali sun yi mata kitso, sun ƙwace tabarmar nan ta ƙarya sun maido mata mayafi, fari irin nasu. Na ce to, a nan an yi hankali.

Na kwance kwalbar kwalli. Sai ga matsala. A gida Ummi ta taɓa nuna min kamannin sunana da baƙin Larabci, na riƙe. Amma rubutun Habasha wasu 'yan kujeru ne da 'yan mutane masu ƙafa ɗaya a ɗage, ba wanda ya yi kama da ni. Na dubi bangon littafin, na ga rubutu manya a sama, ƙanana a ƙasa. Na ce ai ba sai an tambaya ba. Mai labari ce babba. Na tsoma yatsa na shafe manyan, littafi bayan littafi, a natse, har na kusa rabin tsibin.

Yara suka shigo, Almaz ta fara rabawa, sai ta tsaya. Wani yaro ya ɗaga nasa yana nuna wa na kusa da shi, dariya ta kama daga benci zuwa benci. Ummi ta dubi yatsana, ta dubi littafin, ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta suna rawa. Almaz ta ce, a hankali, "Ya Hajja, me Gajera ta yi miki?"

Sunan akuya na shafe. Nawa yana nan a ƙasa lafiya lau.

Na ce a nuna min shi. Almaz ta ɗora farce a kan wani ɗan layi siriri, kamar tururuwa sun bi juna. Na ce wannan? Ta ce shi ne, na kusa da shi kuma nata ne, mai juyawa zuwa harshensu. Jama'a, na manta abin da ya kawo ni. Na ce yanzu akuya, ɓarauniyar riɗi, ita aka rubuta da manyan baƙaƙe, ni da na haife ta da bakina aka maƙale ni a ƙasa kamar ƙuma?

Ummi ta share hawayen dariya ta yi wa Almaz bayanin komai, da al'adarmu, da tarin uwarta, da Hajja Kulu. Almaz ta daina murmushi. Ta ce ba ta sani ba, ta ɗauka girmamawa take koya wa yara. Ta ce haƙƙina ne, mai labari ita ke zaɓen sunan da za a kira ta da shi, in ma ta ce a cire gaba ɗaya za a cire. Yau ɗin nan za ta manna takarda a kan layin, bugu na gaba kuma ba za a sa ba. Ta ɗauko almakashi ta fara yanka 'yan takardu.

Ana cikin haka wata 'yar yarinya a bencin gaba, 'yar Tasfaye ce wadda ta aiko a gaishe ni, ta ga an daɗe ba a fara karatu ba, sai ta miƙe ta harɗe hannu a ƙirji ta fara yadda aka koya mata. Ta faɗi sunan. Ba irin kiran ubanta na kasuwa ba. Ta ja ƙarshensa a hankali, kamar mai kiran wanda ke ɗaya gefen ruwa. Haka uwata take ja in ta tsaya a bakin Rahad da yamma tana nemana cikin yara masu wanka. Ita ce ta ƙarshe da ta kira ni haka. Wallahi sai da na waiwaya bayana, bango ne kawai da taswira.

Na ce wa Almaz ta ajiye almakashin tukuna, zan yi tunani.

Da muka koma gida Tasfaye ya ba uwarsa labarin kwalli. Na ɗauka za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta yi doguwar magana, shi kuma ya juya min. Ta ce su ma a da, ranar da aka kai yarinya gidan miji, uwar miji ke raɗa mata sabon suna, na gidan uba kuma a bar shi can. Ita da sunan da surukarta ta ba ta aka san ta har ta zama Imama, waɗanda suka san na farin duk sun mutu. Ta kori ɗanta da hannu, ta kori Almaz da Ummi, ta jawo kaina ta sa bakinta a kunnena ta faɗa min shi. Sau biyu, don in riƙe. Na maimaita mata. Ta rufe ido tana gyaɗa kai. Sannan ta nuna ni da yatsa, ta nuna wajen makaranta, ta buɗe hannu kamar mai cewa, ke da kika samu aji guda, me kike nema kuma.

Da yamma na kira Almaz da Ummi na yanke hukunci. Na ce a Habasha sunan ya zauna. Amma bugu na gaba a ƙara masa tsawo, ko bai kai na akuya ba ya kai kafaɗarta. Na intanet da na Gadarif kuwa a mayar da shi Hajja Mai Godogodo, don surukata ta huta da tari. Ummi ta ce to nata rabon fa? Na ce in tana marmarin sunanta ta san hanya, gada ba ta da tsawo. Littattafan da na ɓata kuwa, yara suka sake rubuta sunan Gajera da farin alli a kan kwallin, har waɗanda nasu bai ɓaci ba suka zo suna miƙo min in shafa musu.

Ban dawo hannu sake ba. A ƙarshen littafinsu na ga shafin da ba ni na faɗa ba, yarinyar tana kwance cikin gidan sauro a bakin gona, akuya a ɗaure gefenta. Almaz ta ce ita ta ƙara, saboda ɗan ƙudan nan da ke fitowa daga tsagar ƙasa yana sa wa masu kwana a gona ciwon saifa mai zazzaɓi, kalazar. Na ce wannan ciwon ai ya ci mana mutane a Ƙala'at an-Nahal da Fashaga, har da ɗan ƙanwata. Na tambaye ta ko za ta ba ni shafin. Ta yi dariya ta ce ba sai na roƙa ba, ƙofar da na bari a buɗe ita ma ta bar ta a buɗe. Sai dai in faɗi gidan da na ɗebo.

Komawa ba ta da labari, in ban da injera da Imama ta cusa min a jaka ta yi tsami a hanya har jami'in Gallabat ya ƙi buɗe kayana. Mai gemun shinge kuwa ya gane mu, ya ce yaransa sun ce akuyar ba ta da laifi, yunwa ce.

Yanzu in kun biyo ta gidanmu bayan la'asar za ku ji Rabi ta buɗe shafin farko ta karanta tiryan-tiryan, labarin Hajja Mai Godogodo ta kasuwar Gadarif, shafin ƙarshe daga Malama Almaz ta Habasha. Tarin ya warke ba da garaɗ ba. An sa wa yarinyar cikin gidan sauron ɗankwali, har a barci, amma wannan ba ni na ce ba.

Hajja Kulu ta yi ta lallaɓa ni in gaya mata abin da tsohuwar ta raɗa min a kunne, har da kyautar daddawa. Na karɓi daddawar. Wancan suna amana ne, ba alamar kowa-ya-ɗauka a kansa, in na idar da salla nakan faɗe shi a hankali don kada ya mutu, shi ke nan. Nawa kuwa, ku 'yan baya da kuke ta zungurin Ummi ta gaya muku, ba na hana ku. Ku shiga hafla, ku ci ful marar mai a Doka, ku tsallake gada, ku hau dutse, ku tsayar da duk yaron da kuka gani da littafin akuya ku tambaye shi. Zai gaya muku da hannu a ƙirji. Amma in kun dawo, ku bar shi can inda kuka same shi. A nan layin masu dawa, Hajja ce, kuma ku zo da kwanonku.